Ka Sayi Murhun Gashi Na Gas Na Hannu? Ga Yadda Za Ka Kula Da Shi Kada Ya Tashi Da Kai

Kamar yadda muka saba, wannan shi ne rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba, da kuma waɗanda suka fi son su karanta a natse.

Yau maganar nama da wuta za mu yi. Kun san murhun gashin nan mai murfi da taya, wanda ake haɗa wa tukunyar gas, wanda muke gani a finafinan Amurka mutum ya tsaya a bayan gida yana juya nama a kai? Shi ake ce wa babikiyu ko giril. Yanzu ya fara yawa a wajenmu, kuma yawancin wanda ake samu na hannu ne. Yana shigowa cikin kwantena tare da firji da kekuna da sauran kayan Beljiyam, bayan ya gama yi wa wani Bature aiki shekara da shekaru. Wasu suna saya don gashin Sallah a gida. Wasu matasa kuma jarinsu suke zubawa a ciki don su fara sayar da gasasshen kifi da kaza da yamma.

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne wani abokina. Bayan mun gama bautar ƙasa ya tattara ɗan abin da ya rage masa ya sayi irin wannan murhu. A ido kam ba laifi, murfin sai sheƙi yake. Daren farko ya murɗa makunni, murfi a rufe, yana ta danna maɓallin tartsatsi, ƙyas, ƙyas, wuta ta ƙi kamawa. Ya bar shi a haka ya shiga gida ya ɗauko ashana, ya ɗaga murfi ya sunkuya ya ƙyasta. Sai ji muka yi fuuu! Girarsa da rabin gemunsa suka tafi. Allah ne ya taƙaita, ba don haka ba da wani labarin ake yi. Washegari muka kwance murhun nan gaba ɗaya, muka ga abubuwan da suka sa na ce dole a yi wa mutane bayani.

Abin da nake so ka riƙe shi ne: tsohon murhun gas ba a auna lafiyarsa da fenti ko sheƙin murfi. Da hanyar da gas ke bi ake auna shi, tun daga tukunya har bakin wuta. In hanyar nan lafiya take, murhu ko ya yi muni zai yi maka aiki na shekaru. In ba lafiya take ba, kyan jikin ba zai hana shi ƙona ka ba.

YADDA ABIN YAKE AIKI

Gas ɗin da ke cikin tukunya ba iska ba ne, ruwa-ruwa yake saboda an matse shi. In ka girgiza tukunyar za ka ji motsinsa. Idan aka buɗe bawul sai ya zama iska ya fito, kuma lita ɗaya ta ruwan furofen tana zama kusan lita 270 ta iskar gas. Shi ya sa ɗan yoyo kaɗan ba ƙaramin abu ba ne.

Daga tukunya gas zai shiga regileta, wato kan nan da ake ɗaurawa a bakin tukunya, ita ce ke rage masa ƙarfi. Daga nan ya bi tiyo, ya shiga wani bututun ƙarfe da ke bayan makunnai. Kowane makunni yana da ɗan ƙaramin rami kamar na allura, masu gyara suna ce masa jet, kamar dai na kafiretan babur. Gas yana fesowa ta jet ɗin ya shiga wuyan bona, a nan yake jan iska ya gauraya da ita, sannan ya fita ta ƙananan ramukan bona ya kama da wuta. Tukunya, regileta, tiyo, jet, bona. Wuri biyar ke nan, kuma kusan duk matsalar da za ka samu tana ɗaya daga cikinsu.

Akwai halin gas guda biyu da ya kamata kowa ya sani. Na farko, ya fi iska nauyi. Furofen ya ninka nauyin iska kusan sau ɗaya da rabi, biyuten kuma kusan sau biyu. Idan ya yi yoyo ba sama yake tafiya ba, kwanciya yake yi a ƙasa, a cikin murhu, a cikin kwata, a lungun ɗaki. Na biyu, ba ya buƙatar ya yi yawa kafin ya kama. Kashi 2 cikin 100 na furofen a cikin iska da ɗan ɗoriya ya isa tartsatsi ya tayar da wuta. Asalinsa ma ba shi da wari, warin ruɓaɓɓen ƙwai da kake ji da gangan aka zuba masa don hancinka ya gargaɗe ka.

DAGA WACE ƘASA YA ZO?

Wannan ita ce tambayar da yawancinmu ba ma yi, kuma ita ce ta farko. Ka duba bayan murhun, ko cikin ƙofar kabad ɗinsa na ƙasa, za ka ga wata 'yar takarda ko farantin ƙarfe da aka rubuta bayanansa. Ka ɗauke ta hoto da wayarka tun kafin ta goge.

Abu na farko da za ka nema: an rubuta LP ko an rubuta NG? LP shi ne na gas ɗin tukunya. NG kuwa na gas ɗin bututu ne, wanda ake jawo wa gidaje a Amurka da Turai kamar ruwan famfo. Murhun NG ramin jet ɗinsa ya fi faɗi. Idan ka haɗa masa gas ɗin tukunya, gas ɗin da zai fita ya fi ƙarfin bonar, wuta ta yi tsiri, ta yi baƙin hayaƙi, abin ya fi ƙarfinka. In ka ga NG kuma ba ka riga ka biya ba, ka bar shi kawai. In ka riga ka saya, sai an canza jet ɗin gaba ɗaya da na LP a wajen wanda ya san aikin.

Abu na biyu, ƙarfin gas ɗin da aka ƙera shi ya ɗauka, ana rubuta shi da milibar. Na Amurka yana aiki da kusan milibar 28. A Ingila da Faransa regiletar furofen milibar 37 ce, ta biyuten kuma 28. A Jamus da Ostiriya 50 suke amfani da shi. Ke nan murhun da ya fito daga Jamus in ka saka masa regileta mai 28, wutar za ta yi sanyi, kaza ta ƙi gasuwa, ka yi ta zagin wanda ya sayar maka. Wanda ya fito daga Amurka kuma in ka ba shi 50, wutar ta wuce ƙa'ida. Lambar da ke jikin regileta ta yi daidai da wadda ke jikin murhu, shi ke nan. Don Allah kada wani ya ba ka shawarar saka regileta mai ƙarfi irin ta manyan bonar masu abincin sayarwa, wai don wuta ta ƙara ci. Ba a ƙera makunnan murhun gashi don wannan ƙarfin ba.

Abu na uku, bakin haɗi. Regiletar Amurka tana zuwa da wani babban murfin roba da ake murɗawa da hannu a bakin tukunyarsu mai cin fam 20, wato kusan kilo 9. Wannan bakin ba lallai ya zauna a kan tukunyarmu mai kilo 12.5 ba. A nan ne dabarar 'yan gida ke shigowa: a yanke tiyo, a cusa wani, a ɗaure da robar taya ko waya. Haka muka samu na abokina. Hanyar da ta dace ita ce a cire regiletar da tiyon gaba ɗaya, a saka sabuwar regileta wadda ta dace da bakin tukunyarka kuma ta dace da lambar murhun, da sabon tiyo na gas, a matse shi da kilif na ƙarfe a kowane ɓangare.

Sannan ka sani, an ƙera murhun Amurka ne don furofen, gas ɗin girkin da muke saya a Najeriya kuwa galibi biyuten ya fi yawa a cikinsa. Zai yi aiki, amma biyuten ya fi buƙatar iska kafin ya ci sosai. Shi ya sa wani lokaci za ka ga wutar ta ɗan yi rawaya. Za mu zo kan gyaran wannan.

TUKUNYA

In mai kaya ya haɗa maka da tsohuwar tukunyar da ta zo tare da murhun, kada ka ɗauka garaɓasa ce. A wuyan kowace tukunya akwai wata da shekarar da aka ƙera ta. A Amurka, tukunya in ta kai shekara 12 ba a sake cika ta sai an gwada lafiyarta. A Najeriya kuma hukumar SON ta ce shekara 15 ne wa'adin tukunyar gas. Ka duba ƙasanta, don nan ne tsatsa ke fara ci ba a gani. In ta lotsa, ko tsatsa ta yi mata ramuka, ko an taɓa yi mata walda, ba ta da sauran amfani.

Kada ka yarda a cika maka ita maƙil. Kusan kashi 80 cikin 100 ake cikawa, a bar sauran don gas yana kumbura in ya ji zafi, kuma ka san ranar watan Afrilu a Arewa. A tsaye ake ajiye ta kullum, a inuwa, a waje, ba a ɗakin kwana ba, ba kuma a cikin motar da aka rufe a rana ba. In kana son sanin gas nawa ya rage, zuba ruwa mai ɗumi a gefen tukunyar, sai ka shafa da hannu daga sama zuwa ƙasa. Inda ka fara jin sanyi, nan gas ya tsaya.

GWAJIN KUMFA

In ba za ka ɗauki komai daga wannan shirin ba, ɗauki wannan. Kuɗinsa bai kai na katin waya ba.

Ka sami sabulun ruwa na wanke-wanke, ka gauraya da ruwa a kofi. Ka tabbatar duk makunnan murhun a kashe suke, murfi a buɗe, babu mai shan taba a kusa, babu garwashi. Buɗe gas a hankali. Sai ka ɗauki soso ko tsohon buroshin haƙori ka shafa ruwan sabulun a bakin tukunya, da jikin regileta, da tiyo tun daga farko har ƙarshe, da inda tiyo ya haɗu da murhu, da bayan makunnai. Ka tsaya ka zuba ido. Duk inda ka ga kumfa tana tasowa tana girma, nan gas ke fita.

In a mahaɗa ne, kashe gas, kwance, duba 'yar robar da ke bakin, in ta tsage a canza ta, a sake ɗaurawa a sake gwaji. In a jikin tiyo ne ko jikin regileta, ba a yi musu faci. Ba salatif, ba gam, ba robar taya. Sabo ake saya. In kuma bawul ɗin tukunyar ne da kansa ke yoyo, ka fitar da ita fili nesa da mutane da wuta, ka nemi masu gas. Kuma jama'a, ba a neman yoyo da ashana. Na san akwai masu yi, su ce ai sun saba. Ranar da abin zai faru sabo ba zai cece su ba.

Tiyon da kansa ka lanƙwasa shi ka gani. In ya bushe ya yi tauri, ko ka ga ƙananan tsage-tsage, ya gama aiki. Ɓeraye ma suna gwaguyar sa in maiƙo ya ɗiga a kai. Kada a saka tiyon ruwa a madadinsa, gas yana cin irin wannan robar. Ni dai shawarata, duk murhun da ka saya na hannu ka canza tiyo da regileta tun ranar farko, ko da sun yi maka kyau a ido, don ba ka san shekarunsu a rana da dusar ƙanƙara ba. Gwajin kumfa kuma duk lokacin da aka canza tukunya a yi shi.

BONA, GIZO-GIZO DA ZANZARO

Da muka zare bonar murhun abokina muka leƙa cikin wuyanta, saƙar gizo muka gani ta toshe guda, ɗayar kuma zanzaro ya yi ginin laka a ciki. Wannan sanannen abu ne, har kamfanonin da ke ƙera murhun suna gargaɗi a kansa a littafin da ke zuwa da shi. Murhun da ya yi watanni a ajiye, ya yi wasu a kwantena, ya zo ya yi wasu a shago, ka ɗauka kawai akwai baƙo a ciki.

Haɗarin shi ne, in wuyan bona ya toshe, gas ba ya samun wucewa, sai ya dawo baya ya fito ta wajen makunnai, wuta ta kama a nan, daidai inda hannunka da cikinka suke. Alamunsa: makunni yana zafi, kana jin warin gas alhali wuta na ci, wani ɓangare na bona ba ya kamawa, ko kana jin wata 'yar ƙara fat-fat.

Gyaran ba wuya. Rufe gas, cire regileta daga tukunya. Ɗauke wayar gashi da farantan ƙarfen da ke rufe bona. Yawanci noti ɗaya ko ɗan fil ne ke riƙe kowace bona, ka ɗauki hoto kafin ka kwance don ka san yadda za ka mayar. Zura siririn buroshi ko waya a cikin wuyan ka fito da dattin, ka bubbuga ta ƙasa. Ƙananan ramukan wuta kuma ka bi su da allura ko fil ɗaya bayan ɗaya. Kada ka yi amfani da tsinken sakace, yana karyewa a ciki. Jet ɗin ma a share shi a hankali, amma kada a faɗaɗa raminsa, don girmansa a lissafe yake. Wajen mayarwa ka tabbatar bakin jet ya shige cikin wuyan bona sosai. In ya kauce, gas zai riƙa zuba a waje.

In ka ga bonar ta tsage, ko tsatsa ta haɗe ramuka biyu uku sun zama babban rami, ta mutu, sai a nemi wata mai tsawo da fasali iri ɗaya.

Yanzu kunna ka kalli launin wuta. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, da ɗan rawaya a can ƙarshen harshenta, a zaune daram kan bona. In duk ta yi rawaya tana lilo tana baƙanta ƙarfe, iska ta yi mata kaɗan. In tana ƙara tana ɗagewa daga jikin bona kamar za ta tsere, iska ta yi yawa. A wuyan bona da yawa akwai 'yar taga mai sukurun da ake sassautawa a ƙara ko a rage iska. Da biyuten ɗinmu, sau da yawa ɗan ƙara buɗe ta ake yi. A yi kaɗan-kaɗan, bona a kashe kuma a huce, sannan a sake kunnawa a gani.

Wani abu da ke ruɗa masu murhun Amurka da ke da regiletarsa ta asali: tukunya cike amma wuta kamar ta aci-balbal. Akwai wata 'yar na'urar tsaro a bakin haɗin, in ka buɗe tukunya alhali makunni a buɗe yake, sai ta ɗauka tiyo ne ya fashe, ta rage gas. Ka kashe komai, ka cire regileta, ka jira minti ɗaya, ka mayar, ka buɗe tukunya a hankali, sannan ka murɗa makunni. Wutar za ta dawo.

MAIƘO

Bayan yoyon gas, maiƙo shi ne abokin gaba na biyu. Duk kitsen da ya ɗiga daga nama yana taruwa a ƙasan murhu da cikin wani ɗan tire. Murhun da muke saya sau da yawa yana zuwa da maiƙon shekaru, ya daskare kamar kwalta. Rana ɗaya zai kama, kuma wutar maiƙo ba ta jin kashe makunni.

Ka kankare cikin murhun da abin kankara, ka zare tiren ka wanke da ruwan zafi da sabulu. Mai sana'a kullum zai zubar da na tire, musamman mai gasa naman rago ko kaza da fatarta. Farantan ƙarfen da ke saman bona su ma a kankare su, su ne ke hana maiƙo sauka kan wuta kai tsaye. Kamfanin Weber ne ya shahara da irinsu tun da ya fito da murhunsa na Genesis a 1985. Tsofaffin murhu kuma wasu baƙaƙen duwatsu masu ramuka ake zuba musu a madadin farantan. In naka mai duwatsu ne kuma sun sha maiƙo sun ƙoshi, a canza su.

Za ka ga wani baƙin abu yana ɓarewa a cikin murfi kamar fenti. Ba fenti ba ne, hayaƙi da maiƙo ne suka taru suka bushe. A kankare shi kada ya riƙa faɗowa kan abinci. Kuma ba a yi wa cikin murhu fenti. Waje kawai ake yi wa, da fenti mai jure zafi.

In wutar maiƙo ta tashi, kada ka watsa ruwa, ruwa fantsama ta zai yi. Rufe gas daga tukunya in hannunka zai kai lafiya, rufe murfi, ka ja da baya. Ka ajiye bokitin yashi a kusa, mai sana'a kuma ya daure ya sayi ƙaramar tukunyar kashe gobara.

Wayar gashi kuma, ka kunna wuta ta yi minti goma ta ƙone ragowar abinci, sannan ka goge. A kula da buroshin ƙarfe mai araha, gashinsa yana tsinkewa ya maƙale a waya, ya shige cikin nama. Likitoci a Amurka sun sha cire irin wannan silin ƙarfe daga maƙogwaro da hanjin mutane. Rabin albasa a soke da cokali mai yatsu, ko dunƙulen takardar alminiyam, ya wadatar. In wayar ta ƙarfen zubi ce mai nauyi, a shafa mata ɗan man gyaɗa bayan an goge don kada ta yi tsatsa. In ta lalace za ka kai wa mai walda ya ƙera maka wata, ka ce masa ƙarfen da ba ya tsatsa kake so. Kada a saka wayar shinge ko shantar tsohon firji, don an shafe su da sinadarin da bai kamata ya haɗu da wuta da abinci ba.

YADDA AKE KUNNAWA

Mu koma kan abokina. Kuskurensa biyu ne: murfi a rufe, kuma ya bar gas yana zuba ya tafi neman ashana. Ƙa'idar ita ce, murfi a buɗe kafin komai. Buɗe tukunya a hankali. Murɗa makunni ɗaya kawai, danna tartsatsi. In ka ƙirga biyar bai kama ba, kashe, ka bar shi aƙalla minti biyar iska ta kwashe gas ɗin kafin ka sake gwadawa. Kuma fuskarka ba ta da aiki a saman murhu.

Kada ka ce rashin sani ne na 'yan ƙauye. A watan Disamban 2012, Hannah Storm, fitacciyar mai gabatar da labarin wasanni a tashar ESPN, ta ƙone a fuska da hannu a gidanta. Iska ce ta kashe wutar murhunta, gas ya taru, ta sake kunnawa ba ta jira ba. Bayan ta warke ita da kanta ta shiga wayar da kan mutane a kan jira kafin a sake kunnawa.

Maɓallin tartsatsi in ya daina aiki, sau da yawa ba mutuwa ya yi ba. Wasu batir ƙarami ne a cikin maɓallin, ka murɗe murfinsa ka canza. Wasu kuma bakin wayar da ke kusa da bona ne maiƙo ya rufe, ka goge shi. In ya ƙi gaba ɗaya, yi amfani da doguwar leta, ka kunna letar tukuna ka kai ta bakin bona, sannan ka murɗa gas. Wuta ce ke jiran gas, ba gas ke jiran wuta ba. In ka gama aiki ka fara rufe tukunya, ka bar na cikin tiyo ya ƙone, sannan ka kashe makunnai.

Wannan murhu na waje ne. Ba a shigar da shi ɗaki ko gareji ko shago a rufe, ko ruwan sama ake yi. Yana iya fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda ke kashe mutanen da suka kwana da janareta a cikin gida. A nisanta shi da bango, da rumfar zana, da labule, da wajen wasan yara.

DAMINA, HUNTURU DA LISSAFIN KUƊI

Da damina ruwa ne ke cin sa, da hunturu kuma ƙura ce ke shiga bona. Ka rufe shi da tamfol bayan ya huce, amma ka bar ƙasa a ɗan buɗe iska ta riƙa shiga, don danshi in ya maƙale a ciki ya fi ruwan sama saurin kawo tsatsa. In sai Sallah zuwa Sallah kake amfani da shi, ka cire tukunya, ka ɗaure bakin tiyo da wuyan bona da leda saboda ƙwari, kuma ka tuna ka cire ledar kafin ka kunna.

Waya, bona, farantai, tiyo, regileta, taya, maɓallin tartsatsi, duk ana canza su. Amma in kwandon wutar da kansa ya ɓule, ko bututun da ke bayan makunnai ya yi tsatsa yana yoyo, ko makunni ya ƙi rufewa gaba ɗaya, ka haƙura da gas. Ka cire duk kayan gas ɗin, a shimfiɗa masa farantin ƙarfe ka mayar da shi na gawayi, ko ka sayar wa 'yan gwangwan. Asarar kuɗi ta fi asarar fuska sauƙi.

Masu sana'a, ga ɗan lissafi. A takardar bayanan nan za ka ga lambar BTU. Kilo ɗaya na gas yana ba da kusan BTU 47,000. Murhu mai BTU 30,000 in ka buɗe duk bonarsa har ƙarshe, yana shan kusan kilo ɗaya a duk awa ɗaya da rabi, wato tukunya mai kilo 12.5 za ta kai ka awa 19 zuwa 20. Da wannan za ka san kuɗin gas nawa ke kan kowane kifi kafin ka yanka farashi. In ka ga gas yana ƙarewa da wuri fiye da haka, ko dai ba a cika maka daidai ba, ko akwai yoyo. Ka ɗauko sabulu. Rufe murfi lokacin gashi da kashe bonar da babu komai a kanta su ma suna rage shan gas sosai.

Abokina dai gira ta fito, gemu ya dawo, kuma har yanzu murhun nan ne yake ci da shi. Abin da ya kashe a kan sabon tiyo da regileta da kilif bai kai rabin kuɗin da ya biya a kemis a daren nan ba.

Babbar Sallah in ta matso za a fito da irin waɗannan murhu daga sito a gidaje da yawa. In akwai shi a gidanku, ko maƙwabcinka yana da shi, ko ka san wani matashi da ya fara sana'a da shi, ka tura masa wannan rubutu, ka ce ya fara da gwajin kumfa. Wanda yake da tambaya ya ɗauki hoton takardar bayanan murhunsa ya turo mana, za mu duba tare a shiri na gaba in Allah ya kai mu.

Allah ya tsare mu da gobara, ya sa albarka a sana'o'inmu.